Farin Layi a Siton Albasa

Bana azumi ya sake faɗowa cikin babbar damina, kuma tun ran da aka ga wata, Kwatano ba ta bushe ba. Lungunmu na Zango ya cika da ruwa, sai da muka jera bulo daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suna ɗage ƙafafu su ratsa, su fesa wa mai tafiya masallaci ruwan kwata, su wuce ko waiwaye babu. Rabona da azumi irin wannan, ruwa a sama, ruwa a ƙasa, maƙogwaro kuma a bushe, shekara talatin da 'yan kai ke nan. Da an bar ni, da na bar shi ya wuce ban tono komai ba. Autata Hadiza ce ta hana.

Tana karatun jestiyon a jami'a, wato ilimin yadda ake tafiyar da aiki da ma'aikata. Wata la'asar da ruwa ya hana ta fita, ta zo ta zauna a baranda kusa da tabarmata tana bitar darasi da ƙarfi, ni kuwa ina jan carbi ina lissafin sauran awa nawa a sha ruwa.

"Baba, ka san yadda ilimin nan ya faro?"

Na ce ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Wannan bai hana ta komai ba, halin uwarta ta ɗauko.

Ta ce da farko, lokacin da masana'antu suka yi yawa a ƙasashen Turawa, masu ilimi sun tsaya a kan ma'aikata da agogo a hannu. Suka auna minti nawa ake ɗaga kaya, minti nawa ake ajiyewa, suka yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowa da tasa. Bayansu wasu suka zo suka ce a tsara shugabanci, kowane ma'aikaci ya san mutum ɗaya da zai ba shi umarni. Sai kuma wasu suka gano cewa ɗan Adam ba inji ba ne, idan ya ga an damu da shi yakan yi abin da agogo ba zai sa shi ba. Na baya-bayan nan kuwa suka ce wanda yake riƙe da aikin da hannunsa shi ya fi kowa sanin inda yake ciwo, don haka a riƙa tambayarsa.

"Masu agogon fa?" na ce, kamar ban damu ba.

"Su ne babi na ɗaya, Baba. An daɗe da wuce su." Ta juya shafi. "Malaminmu ya ce kowa ya nemo ɗan kasuwa ɗaya da ya iya riƙe mutane, ya rubuta yadda yake yi. Ni Baba Bala zan rubuta. Za ka raka ni sito?"

Carbin ya tsaya a hannuna. Bala ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara uku na ba shi. Ina son shi, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. Kuma shekara talatin ke nan ina ƙyashinsa, ƙyashi na gaske, irin wanda yake sa mutum ya ji ana yabon ɗan'uwansa ya ce bari ya je ya yi alwala. Ga shi yau 'yar cikina ta nemi wanda ya iya riƙe mutane, ta tsallake ubanta da ke zaune gabanta.

Mahaifinmu, wanda duk gida muke kira Tsoho, albasa yake sayarwa. Kaya sukan sauko daga arewa a kamiyo, wato babbar motar kaya, a jibge su a sitonmu da ke bayan layin dogo, wani dogon ɗaki mai rufin kwano da ƙofa ɗaya tak. Albasar arewa ta saba da busasshiyar iska, da ta shaƙi damshin Kwatano sai ta fara neman hanyar lalacewa. Shi ya sa ba a kai ta kasuwa yadda ta zo. Sai an kwance kowane buhu, an baje, mata sun tsince, an sake ɗurawa, an ɗinke baki da basilla, 'yan dako su jera a kan katako don iska ta ratsa. Tsoho ba ya ba da umarni da yawa. Yakan zauna a kan buhu da sandarsa, ya kalli mutum, mutumin ya san abin da ya rage masa.

A shekarar da nake magana ƙafafunsa sun fara kumbura, ya gane zaman sito ya kusa ƙare masa. Sati ɗaya kafin azumi kamiyo biyu suka iso a jere, kaya mafi yawa da muka taɓa gani. Ya kira mu, ya raba sito biyu, dama nawa, hagu na Bala. Ya raba ma'aikata. Ya ba Bala Isaka, Bazabarme, shugaban 'yan dako, wanda ya fi kowa ƙarfi da daɗewa. Ni ya ba ni Maman Sika, wata dattijuwa daga Agontinkon, wadda ta fi kowa iya tsintar albasa a duk layin. Ya zaro makullin sito daga aljihu ya nuna mana.

"Ran Sallah zan ba ɗaya daga cikinku wannan. Ku yi aiki in gani."

A raina na riga na karɓe shi. Ni ne babba, ni na yi lakwal, makarantar boko, har na fito da takarda, Bala kuwa aji uku ya yi ya gudu ya koma bin kamiyo. Ban da haka na yi wata takwas ina akawu a wata masana'anta a Akpakpa, inda na ga mai kula da ma'aikata yana yawo da agogo da allo, komai yana tafiya kamar an ɗaura shi a zare. Har wani ɗan littafin Faransanci na aro a wurinsa na haddace rabinsa. Na ɗauka cewa abin da ya hana Tsoho zama babban attajiri shi ne rashin agogo.

Washegari na sayi agogo mai lissafa daƙiƙa, da usur, da gwangwanin farin fenti. Na tsaya kwana biyu ina auna kowa. Na ga 'yan dako suna karo da juna a ƙofa, mai ɗauke da buhu ya tsaya jiran mai dawowa hannu wofi, sai na ja farin layi a ƙasa tun daga ƙofa har ƙuryar sito, mai kaya ya bi dama, marar kaya ya bi hagu. Na ga kowane ɗan dako yana da abokin da yake ɗora masa buhu a ka, wani dogo da gajere, wani tsoho da yaro, sai na raba su na haɗa kowa da tsararsa a tsawo. Sannan na zo kan mata. Kowacce takan ɗauki albasa, ta murje busasshen ɓawo, ta danna wuyanta da babban yatsa, wani lokaci ta kai hanci, sannan ta jefa a kwandon manya ko na ƙanana. Agogo ya nuna mini cewa dannawa da sunsunawar nan su suka fi cin lokaci. Na soke su. Na jera matan layi, ta farko ɓawo kawai, ta biyu ta ware manya da ƙanana, ta uku ta ɗura a buhu. Maman Sika na sa a farko, saboda hannunta ya fi sauri.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗan Alhaji, wuyan fa?"

"Ke ɓawo ne naki, Mama. Kuma daga yau ba hira a bakin aiki, magana tana cin minti."

Ta koma murje ɓawo. Daga ranar 'yan dako suka sa mini suna Mai Agogo, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Aka ga wata, aka ɗauki azumi, ruwa kuma ya sauko kamar yana jira. Wanda bai yi azumi a daminar Kwatano ba zai ce ai da sauƙi, tunda ba rana. Ba haka ba ne. Ruwa yakan zuba awa biyu, ya ɗauke, rana ta fito ta daki jiƙaƙƙen yashi, tururi ya taso ya rufe gari. Riga ta manne a baya, gumi ya ƙi bushewa, kwanon sito ya ɗauki zafi har ka ji shi a tsakiyar kanka. Ga ruwa yana gudu a kwata, ga shi yana ɗiga daga indararo, kai kuwa harshenka ya bushe kamar tsohon takalmi. Itacen girkin Inna, mahaifiyarmu, duk ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida tun azahar, tana fifita murhu tana tari don kunu ya nuna kafin magariba. Gawayi ya yi wuya a unguwa. Sahur ɗinmu sau da yawa garin rogo ne da ruwa da ɗan sukari, sai ran da aka dace a samu ɗumamen tuwo. Tufafi ba sa bushewa, kowa yana warin damshi, har tabarmin masallaci.

Ni ban canja komai ba saboda azumi. Ƙarfe bakwai in busa usur, sha biyu in busa a huta, ɗaya da rabi in busa a koma. Adadin buhun da na auna lokacin da mutane suke ci suna sha, shi na ɗora musu da baki a rufe.

Bala kuwa ran farko ko buhu ɗaya bai taɓa ba sai da ya tsuguna gaban Isaka. Ina jin su daga ɓangarena.

"Baba Isaka, kai ka yi azumi a ƙarƙashin kwanon nan tun ban san kaina ba. Yaya za mu yi?"

Isaka ya ce a fara da an sallame sallar asuba, lokacin da sahur yake jiki, a yi duk ɗaukar kaya kafin rana ta ɗaga. In zafi ya taso masu azumi su kwanta, waɗanda ba sa azumi, 'yan gari da ke cikinsu, su ci gaba da ɗinki. Bayan la'asar a yi aikin zaune. Bala ya ce to. Na yi dariya a raina, na ce wannan ba shugaba ba ne, ɗan aike ne.

Kwana goman farko ni ne a gaba, ba ma kusa ba. Jerin buhunana ya kai rabin bango, na Bala yana gwiwa. Tsoho ya zo sau biyu yana dogara sanda, ya dubi nawa ya gyaɗa kai, ya dubi na Bala ya wuce. Ya kamata in ji daɗi, amma ban ji ba, saboda abin da nake gani kullum da yamma.

Idan magariba ta kusa, Inna takan aiko da babbar robar kunu da ƙosai a ganye, rabi nawa rabi na Bala. Ni nakan raba wa mutanena a kofi, kowa ya karɓa ya nemi kusurwa. Bala yakan shimfiɗa tsohon tamfol, ya zauna a tsakiyarsu, ludayi ɗaya yana zagayawa. Ya san wanda matarsa take da tsohon ciki a Zogbo, ya san wanda haƙori yake damu, ya san wanda ya bar gona a hannun ƙanensa. Suna tsokanarsa, suna kwaikwayon yadda yake tafiya, yana dariya har da buga cinya. Kafin a yi sati biyu mutanena sun fara ɗaukar kofunansu suna tsallaka farin layina suna zama can. Ba zan iya hana su ba, lokacin aiki ya ƙare, agogon da kansa ya shaida. Nakan zauna ni kaɗai a kan buhu ina shan kunu, dariyarsu tana shiga kunnena, in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Ni na fi shi buhu, amma ba wanda ya taɓa kwaikwayon tafiyata a gabana.

A rana ta sha biyar na yi abin da har yau ban gaya wa kowa ba. Bayan la'asar ne, ruwa yana zuba, mutanen Bala duk suna bakin ƙofa inda haske yake. Na zagaya ƙurya neman basilla, sai na ji ɗigo. Na ɗaga kai. Wata ƙusa ta saki a kwanon da ke saman jerin Bala na baya, ruwa yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya a kan buhun sama, har ya yi baƙi. Na san abin da ke biyo baya. Buhu ɗaya ya jiƙe, ya ba na ƙasa, kwana uku jerin ya tafi. Na tsaya ina kallon ramin nan na ɗan lokaci, da azumi a bakina. Kalma biyu ce kawai zan faɗa, Bala, yoyo, amma ban faɗa ba. Na ɗauki basillata na koma ɓangarena.

Ranar ban sha ruwa a sito ba, na ce kaina yana ciwo na tafi gida. Inna ta miƙo mini kunu, na kurɓa na ji kamar ruwan wanki. Na san yunwa kawai na sha a ranar, ba azumi ba. Duk da haka ban koma ba.

Da safe na tarar an kwashe jerin an mayar gefe, an baje buhun da ya jiƙe, wani ɗan dako yana kan rufi da gwangwanin kwalta. Ko albasa goma ba su rasa ba. Na tambayi Isaka wa ya gani, ya ce Bala ne ya kira su bayan shan ruwa. Na ce ma sha Allahu. A cikina kuwa kunya da haushi suka haɗu, kuma in faɗi gaskiya haushin ya fi yawa.

Daga nan rana ta ɓace gaba ɗaya. Kusan mako guda ba mu ga inuwarmu ba. Ruwa ya shigo lunguna, yara suna kama ƙananan kifaye a ƙofar gida, mata suna ɗora tukwane a kan tebur. Cikin sito iska ta tsaya, ganye ko ɗaya ba zai motsa ba. Na fara jin wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi idan na buɗe ƙofa da safe, na ce daga kwata ne. Ƙudaje suka yi yawa a ɓangarena, na ce saboda nawa kayan sun fi yawa ne. Mata suna aiki shiru, kansu a ƙasa, hannu yana tafiya yadda agogo yake so.

Ran ashirin da biyu Tsoho ya zo, an riƙo shi saboda taɓo. Bai dubi tsawon jerina ba wannan karon. Ya tsaya ya ja iska da hanci, ya taka har ƙurya, ya sa bakin sandarsa ya danna buhun ƙasa. Sandar ta nutse. Wani baƙin ruwa ya tsattsafo ya gangaro a kan siminti, ya bi farin layina. Ya danna na biyu, haka. Na uku, haka. Ba wanda ya yi motsi a sito.

Na juya wurin Maman Sika. "Mama, kin sani?"

"Tun ran farko yatsana ya sani. Ina murje ɓawo ina jin mai taushin wuya tana wucewa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na tambaye ka wuyan fa, ka ce ɓawo ne nawa. Ka ce magana tana cin minti." Ta goge hannu da zanenta. "Ni ban ci maka minti ko ɗaya ba, ɗan Alhaji."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kowace ruɓaɓɓiyar albasa da ta shiga buhu ta ratsa hannun mata uku da suka san ta, ba wadda aka ba aikin tsayar da ita. Na dubi agogon da ke wuyan hannuna, yana tafiya daidai, ko daƙiƙa bai ɓata ba.

Tsoho ya juya ya fita. Ina tsaye ban san ta inda zan fara ba, ga mutanena sun gaji liƙis, biyu ma sun kwanta ciwo saboda aikin tsakar rana da na ɗora musu. Sai na ji muryar Bala a bayana, ba da ni yake ba.

"Baba Isaka, kayan Yaya fa? Kayan gida ne. Me ka gani?"

Isaka ya kalli mutanensa, sannan ya cire riga ya rataye a ƙusa. Shi ke nan umarnin da aka bayar. Duk suka tsallako. Kowane ɗan dako ya koma wurin tsohon abokin ɗorinsa ba tare da an ce masa ba, matan suka watse daga layin da na jera su suka zauna da'ira, Maman Sika ta fara danna wuya tana jefawa, bakinta kuma ya buɗe da hira kamar an cire toshiya. Da mutane suka fara cunkushewa a ƙofa, Bala ya ɗaga murya ya ce kowa ya bi farin layin nan, mai kaya dama, marar kaya hagu. Wannan kaɗai aka ɗauka daga duk abin da na kawo.

Kwana uku muka yi. Ruɓaɓɓiyar albasa tana narkewa a hannu, warinta yana shiga maƙogwaron mai azumi ya zauna, ido yana zubar da ruwa, ba damar ko kurkure baki da daɗi. Muna kwasar ɓatacciya a kwando muna kaiwa juji cikin yayyafi, ƙafa tana nutsewa a taɓo har idon sawu. Ni ma na cire agogo na sa a aljihu na ɗauki kwando. Da magariba Bala ya matsa mini wuri a kan tamfol, ludayi ya zo hannuna, na sha. Ba wanda ya yi mini gori, kuma wannan ma ya ƙara mini ciwo. Abin da muka tsirar bai kai rabi da rabin rabi ba, amma ya fi abin da na cancanta.

Ran Sallah bayan an sauko daga idi, muka shiga gaida Tsoho. Ya zaro makulli ya miƙa wa Bala, kamar mai miƙa goro. Sannan ya dube ni.

"Lawali, na yi maka magana da wani abokina a tashar jiragen ruwa, suna neman akawu. Takarda ba ta ruɓewa."

Can na yi aikina har na yi ritaya, kuma na yi shi da kyau, ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure. Bala ya riƙe sito, ya ƙara biyu, ya je Makka, ya kai Inna. Duk Zango in ana maganar mai riƙon mutane sai a ce Alhaji Bala. Nakan je gidansa suna da biki, amma sito ban sake taka shi ba.

To, shi ne Hadiza take tambaya ko zan raka ta. Na ce ƙafata tana ciwo. Ta ce za ta tsayar da zemijan biyu. Na ɗauki hulata muka tafi.

Sito ya canja. An ɗaga ƙasansa, an sa fankoki, masu ɗinki suna da ɗan inji, wani saurayi yana karɓar saƙon kamiyo a waya. Warin dai yana nan, da zafin kwano. Ina shiga na dubi ƙasa, sai ga farin layi daga ƙofa har ƙurya, sabon fenti a kan tsohon wuri, ko taku ɗaya bai kauce ba. Wani ɗan dako da bai san ni ba ya ce, "Baba, koma hagu, nan layin Alhaji Bala ne, na masu kaya." Na koma hagu. Na ce a raina, har wannan ma an ba shi.

Bala ya taso da furfurarsa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya zaunar da ni a kujerarsa. Hadiza ta buɗe littafi tana tambaya yana amsawa, rabin amsar kuma sai ya kira wani ma'aikaci ya ce shi ya faɗa. Da ta tambaye shi layin, ya nuna ni da haɓa.

"Wannan na babanki ne. Duk shekara kafin azumi nake sake masa fenti. Ki rubuta sunansa, kada ki rubuta nawa."

Hadiza ta juyo ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da na yi shekara talatin ina jira.

Da ta tafi yin magana da matan tsinta, Bala ya ce in zo in ga sabon rufi. Muka taka har ƙurya. Ya ɗaga kai ya nuna wani wuri.

"An canja kwano sau biyu, amma nan ne kullum yake fara yoyo. Ka tuna wurin, Yaya?"

Na ɗaga kai na dubi wurin.

"Ina bakin ƙofa ran nan, na hango ka tsaye kana kallon sama. Da ba ka tsaya ba, da ban duba ba. Na ce bari in jira Yaya ya gaya mini da bakinsa. Na jira har aka kira magariba."

Ruwa yana bugun kwano a samanmu. Na ce, "Me ya hana ka gaya wa Tsoho?"

"In na faɗa masa, wa zan riƙa kira Yaya?" Ya dafa kafaɗata. "Zo mu je, an kusa shan ruwa, an shimfiɗa tamfol."

Na zauna a cikinsu, ludayi ya zagayo, na sha. A hanyar gida, muna taka bulo ɗaya bayan ɗaya, Hadiza ta tambaye ni me muka daɗe muna faɗa a ƙurya. Na ce maganar rufi ce. Ta ce za ta sa ni a rubutunta, a babi na ɗaya, ta sa Baba Bala a na ƙarshe. Na ce ta yi yadda malaminta yake so.

Na yi zaton in na ji abin da na ji yau ƙyashin zai sake ni. Bai sake ni ba, wuri kawai ya canja. Makullin na daɗe da haƙura da shi, sito uku ma ya riƙe abinsa. Amma ni na yi shiru na yini ɗaya don kayansa su lalace, shi ya yi shiru na shekara talatin don kada in lalace, kuma wallahi na so a ce wannan shirun nawa ne.